Amsoshin Tambayoyinku: Wane sukari ne maleriya ke maƙale wa a jikin mai juna biyu?

TAMBAYA:  Kawu, ni magidanci ne a Keffi. Matata tana da cikin fari wata biyar, kuma tun shigowar damina sau biyu ke nan zazzaɓi yana kwantar da ita. Ƙanwata da ke karatun bayokemistiri a Jami'ar Jihar Nasarawa ta ce wai akwai wani sukari a jikin mai ciki wanda ƙwayar maleriya ke maƙale masa. Da Hajiyarmu ta ji haka sai ta hana a sa wa matata sukari a koko da shayi. Shin maganar ƙanwata gaskiya ce? Kuma me ya sa matar yayana mai 'ya'ya huɗu, da muke gida ɗaya sauro ɗaya yana cizonmu, ba ta shan wannan wahala in tana da ciki?

AMSA: Ɗana, Allah ya ba maiɗakinka lafiya, ya raba su lafiya. Tambayoyinka biyu ne amma saiwarsu ɗaya, kuma na ji daɗinsu ƙwarai. Ƙanwarka ta faɗi gaskiya. Hajiya kuma ta yi abin da kowace uwa mai kula za ta yi da ta ji an ambaci sukari da cuta a numfashi guda. Inda aka samu saɓani shi ne kalmar kanta, domin abin da ɗan kasuwa ke nufi da sukari daban, abin da masanin sinadaran jiki ke nufi daban.

A wurin masana, sukari sunan dangi ne, ba sunan mutum ɗaya ba. Ka ɗauke shi kamar ƙwayar carbi. In ƙwaya ɗaya ce ko biyu a haɗe, harshe yana jin zaƙinta, wannan shi ne na shayi da na zuma da na rake. In aka zura ƙwayoyin da yawa suka zama doguwar sarƙa, zaƙin sai ya ɓace. Sitacin rogo sarƙar sukari ne. Audugar rigar da ke jikinka ma sarƙar sukari ce, amma ba wanda ya taɓa tsotsar hannun riga ya ji zaƙi. Yauƙin kuɓewa da na karkashi, yawancinsa dogayen sarƙoƙin sukari ne da suka riƙe ruwa. To jikin ɗan Adam shi ma yana ƙera irin nasa sarƙoƙin, yana kafa su a bayan kusan kowace ƙwayar halitta, sun yi mata cirko-cirko kamar kafin itace da ake kewaye gari da shi a da, wanda ake cewa daga gare shi ne garinku ya samo suna. Duk abin da zai kusanci ƙwayar, aboki ne ko maƙiyi, da wannan kafi zai fara cin karo. Jiki da kansa yake gina su daga kowane abinci aka ci, tuwo ne ko doya, saboda haka hana cokalin sukari a koko ba ya rage ko ɗaya daga cikinsu.

Sarƙar da ƙanwarka ke nufi sunanta kondiroyitin salfet. Kalmar farko daga harshen Girka take, ma'anarta guringuntsi, domin a nan aka fara samun ta. In ka taɓa tauna guringuntsin kan ƙashi a miya ka ji yana ɗan motsi a ƙarƙashin haƙori kamar roba, to ka riga ka san ta, ita ce ke riƙe ruwa a ciki ya hana gaɓoɓi gogar juna. Kalma ta biyu, salfet, ita ce zuciyar maganar tamu. Wani ɗan ƙulli ne na farar wuta haɗe da iskar oksijin, wanda jiki ke liƙa wa wasu ƙwayoyin carbin ya bar wasu. Kowane ƙulli yana ɗauke da cajin lantarki irin na gindin batir, wato mai alamar ɗebewa. Furotin kuwa, wato ma'aikatan jiki da ke yin kusan kowane aiki, wasu daga cikinsu suna da gurbi a jikinsu mai cajin kan batir, mai alamar tarawa. Da sun haɗu sai su ja juna kamar mayen ƙarfe.

Da a ce jan caji ne kawai, da kowace sarƙa ta kama kowane furotin, jiki ya rikice. Abin da masana suka kwashe shekaru suna tonowa shi ne cewa wurin da ƙullin ya zauna ya fi yawansa muhimmanci. Kowace ƙwayar sukari tana da kujeru da aka lambata daga 1 zuwa 6. Salfet a kujera ta 4 ba ɗaya yake da salfet a kujera ta 6 ba, kamar yadda makullai biyu za su zo da nauyi ɗaya da yawan haƙora ɗaya, amma guda ne kaɗai zai buɗe kwaɗon shagonka.

Bari in ɗan kauce zuwa wani misali da ya fi kowanne fito da wannan fili, sannan mu komo kan maiɗakinka. A asibiti akwai wata allura da ake kira hefarin, mai hana jini daskarewa. Da ita ake wankin ƙoda, da ita ake tiyatar zuciya, ita ake yi wa wanda gudan jini ya toshe masa jijiyar ƙafa. Ita ma sarƙar sukari ce mai salfet, 'yar uwar kondiroyitin, kuma a duk abubuwan da jikin dabba ke ƙerawa ba a san wanda ya kai ta cunkoson caji ba. Labarinta ya faro a 1916 a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, a hannun wani ɗalibin likitanci, Jay McLean, da malaminsa William Howell, aka kuma raɗa mata suna daga kalmar Girka ta hanta. A shekarun 1930 aka tace ta a Toronto da Sitokholm har ta kai a yi wa mutum. Likitoci sun yi kusan shekara 40 suna aiki da ita ba tare da an san takamaiman abin da ke cikinta mai yin aikin ba.

A 1976 aka gano wani abin mamaki: cikin sarƙoƙin da ke kwalbar, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke da ƙarfin kirki, sauran 'yan rakiya ne. Masana uku suka yi fice wajen warware dalili, Ulf Lindahl a Uppsala ta Suwidin, da Robert Rosenberg a Boston, da Jean Choay a Faris. Ashe a cikin jini akwai wani furotin mai suna antitirombin, aikinsa taka wa daskarewa burki, amma shi kaɗai nawa gare shi. A jikin wasu sarƙoƙin hefarin akwai wani jeri na ƙwayoyi 5, mai tsari na musamman, wanda ke shiga gurbin wannan furotin ya ɗan sauya masa siffa, sai saurin aikinsa ya ninka ɗaruruwa har zuwa dubu. A ƙwayar tsakiya ta biyar ɗin akwai salfet guda a kujera ta 3, wanda ba kasafai ake samun irinsa ba. Cire shi kaɗai ka bar sauran, riƙon ya kusa zama babu. Da aka fahimci haka sai aka ƙera jerin biyar ɗin da hannu a ɗakin gwaji, ya zama maganin da ake kira fondafarinus, wanda aka amince da shi a Amurka a 2001.

Tunda na ambaci hefarin, ba zan ɓoye maka ba cewa mafi yawan wadda ake sayarwa a duniya daga hanjin alade ake tato ta, akasari a Sin. Akwai ta shanu a wasu ƙasashe irin su Barazil, ga kuma waccan ta ɗakin gwaji da ba ta taɓa dabba ba. Hukuncin wannan na malamai ne, babin larura kuma sananne ne a fiƙihu. Abin da zan roƙa kawai, kada mara lafiya ya ƙi allurar da ke tsakaninsa da mutuwa a kan jita-jita, ya tambayi likitansa da malaminsa tare. Shekarar 2008 ma ta koya wa duniya darasi mai ɗaci a kan wannan sarƙa. An gurɓata wata hefarin da kondiroyitin da aka cusa wa salfet fiye da ƙima don ta yi kama da ta gaske a gwaji. A jikin mutum sai ta kama wani furotin daban, hawan jini ya faɗi warwas, aka ruwaito mutuwar mutum sama da 80 a Amurka. Sarƙar guringuntsi ce da ba ta cutar da kowa, ƙarin ƙulli a kujerun da ba nasu ba ya mayar da ita guba.

Yanzu mu komo gida. Ƙwayar maleriyar da ta fi addabarmu a Najeriya, mai suna falsifaram, tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta girma a ciki na kwana biyu kafin ta fasa ta fito. Matsalarta ita ce saifa. Saifa kamar rariya take, duk jar ƙwayar da ta kumbura ko ta yi tauri tana riƙe ta ta halaka ta. Sai maleriya ta ɓullo da dabara: tana tura wani furotin nata ya fito a bayan jar ƙwayar, ya mayar da ita kamar ƙarangiya. Ka san yadda ƙarangiya ke kama bakin wando in ka ratsa gona. Haka jar ƙwayar ke maƙalewa a bangon ƙananan jijiyoyi, ba ta bin jini balle ta isa saifa. Ƙwayar cutar tana da irin wannan ƙugiya kusan iri 60, tana sauya su ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ya tashi a Keffi, damina bayan damina sauro daga bakin rafin Antau da kwatocin unguwa yana cizonsa, jikinsa yana koyon waɗannan ƙugiyoyi a hankali, yana ƙera musu garkuwa. Shi ya sa babba ba ya jin jiki kamar ƙaramin yaro. Maiɗakinka ma kafin aure tana da wannan garkuwa kamar kowa.

Sai ciki ya zo da wani sabon abu da jikinta bai taɓa mallaka ba, wato mabiyiya, wadda ke biyo jariri bayan haihuwa. A cikinta jinin uwa ba ya gudu a jijiya, yana kwanciya ne ya malala a hankali kamar ruwan fadama, rassan jijiyoyin jariri suna tsome a ciki kamar saiwoyi suna tsotsar abinci da iska, ba tare da jinin biyu ya gauraya ba. Fuskar waɗannan rassa a lulluɓe take da kondiroyitin salfet.

Ungozomomi da likitoci sun daɗe da lura cewa mai cikin fari ta fi kowa shan wahalar maleriya, amma dalilin bai fito ba sai 1996. A wannan shekara Michal Fried da Patrick Duffy, suna aiki a Kisumu da ke yammacin Kenya, suka riƙa karɓar mabiyiya daga ɗakin haihuwa suna wanko jajayen ƙwayoyin da suka kamu. Suka ɗiga abubuwa iri-iri a kan faranti, suka zuba ƙwayoyin a kai, suka ɗauraye, suka duba inda suka maƙale. Na jikin mabiyiya suka ƙi abin da maleriyar sauran mutane ta saba kamawa, suka rungumi kondiroyitin salfet. Shekara biyu bayan haka, a 1998, suka nuna cewa jinin matan da suka haihu sau da yawa yana ɗauke da garkuwar da ke hana wannan maƙalewa, alhali na masu cikin fari da na maza ba shi da ita. A 2003 Ali Salanti da abokan aikinsa a Jami'ar Kopenhagen ta Denmak suka gano ainihin ƙugiyar, ɗaya daga cikin 60 ɗin nan, aka sa mata suna VAR2CSA.

Ga amsar tambayarka ta biyu ke nan. Wannan ƙugiya ba ta da amfani ga maleriya a jikin namiji ko yarinya, don ba inda za ta kama, saboda haka jiki bai saba ganinta ba balle ya shirya mata. Ranar da mabiyiya ta kafu, ƙwayoyin da suka fito da ƙugiyar su ne suka samu mafaka, garkuwar shekara ashirin kuma ba ta san su ba. Matar yayanka ta riga ta biya wannan kuɗin makaranta a cikinta na fari da na biyu, jikinta ya haddace ƙugiyar. Ba don ta fi maiɗakinka ƙarfi ko juriya ba ne, kuma ina so wannan magana ta isa kunnen duk wanda ke cewa amaren yanzu raki gare su.

Masana sinadaran jiki sun bi sawun riƙon nan har ƙwaya-ƙwaya. Channe Gowda da ɗalibansa a Amurka, wajen shekarar 2000, sun riƙa yanka sarƙar gajere-gajere suna gwadawa. Suka samu cewa sai guntu ya kai ƙwayoyi 12 kafin ya kamu sosai, kuma salfet ɗin dole ya kasance a kujera ta 4. Irin wadda salfet ɗinta ke kujera ta 6, wadda ta yi yawa a guringuntsin kifin shak, maleriya ba ta kula ta. An yi ta muhawara a kan yawan ƙullin da ake bukata da yadda suke jeruwa, domin aikin yana da wuya. Furotin yana da rubutaccen tsari a cikin ƙwayoyin gado, ana iya karanta shi a kwafa. Sarƙar sukari ba ta da wannan. Wasu ma'aikata ne a cikin ƙwayar halitta ke bin ta suna liƙa salfet nan da can, kamar masu ɗinkin hula da hannu, zane ɗaya ne amma ba za ka sami biyu da suka yi daidai allura da allura ba. Sai a 2021 aka samu hoton VAR2CSA riƙe da sarƙar ta hanyar wani madubin lantarki mai aiki da daskararren samfur, aka ga sarƙar kwance cikin wani kwari a tsakiyar furotin ɗin, kewaye da caji mai jan ta.

A nawa ganin, wannan shi ne wurin da ya kamata ɗalibanmu irin ƙanwarka su sa ido. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya. Mabiyiyar da Fried da Duffy suka yi aiki da ita, irinta ake binnewa kullum a bayan gidajenmu. An gwada rigakafi biyu da aka gina a kan VAR2CSA, ɗaya mai suna PAMVAC a Jamus, ɗaya PRIMVAC a Faransa da Burkina Faso. Sun nuna ba su da illa kuma jiki ya ƙera garkuwa, sai dai garkuwar ta fi kama irin ƙwayar da aka yi rigakafin da ita, ta yi rauni a kan sauran, domin ƙugiyar tana ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri. Sanin irin da ke yawo tsakanin Keffi da Akwanga da Lafiya aiki ne da ba sai an jira wani daga Turai ya zo ya yi ba. Kada kuma a rikita wannan da rigakafin R21 da aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a ƙarshen 2024, wancan na ƙananan yara ne, kuma wani mataki daban na rayuwar ƙwayar yake tarewa. Wani abin ban sha'awa, a 2015 Salanti da abokansa sun ruwaito cewa ƙwayoyin cutar daji iri-iri suna sanye da sarƙa mai tsari irin na mabiyiya, har ana gwada amfani da ƙugiyar maleriya wajen farauto su. Wannan yana matakin bincike tukuna.

Abin da ya fi shafarka yau shi ne ɓarnar da maƙalewar ke yi. Idan ƙwayoyi suka cika fadamar nan ta mabiyiya, jiki ya turo mayaƙansa wurin ya kumbura, abinci da iskar da ke isa ga jariri sai su ragu. Daga nan ake samun jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, ko haihuwa kafin lokaci, ko ɓari, uwa kuma jininta ya yi ƙasa. Abin da ya sa lamarin ke da yaudara, mace tana iya yawo garau ba zazzaɓi, a ɗiga jinin yatsarta a duba a ce ba a ga komai ba, alhali ƙwayoyin suna can a ɓoye inda allurar gwaji ba ta kai.

Saboda wannan ɓuya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa bai wa mai ciki maganin kariya ko da lafiyarta ƙalau. Shi ne ƙwayoyi ukun nan da ake ba mata a wurin awo a ce su haɗiye a gaban ma'aikaciya, waɗanda aka fi sani da Fansidar. Ana farawa daga mako na 13, ba a sha a watanni ukun farko, ana barin aƙalla wata guda tsakanin sha da sha, kuma ana so a samu sau uku ko fiye kafin haihuwa. Maiɗakinka tana wata biyar, ya kamata a ce ta fara. Ka duba katin awonta da idonka, in ba a rubuta ba ku tambaya, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Keffi ko a asibitin unguwa, duk inda take zuwa. A gaya musu duk maganin da take sha, domin akwai waɗanda ba a haɗa su da shi, musamman Septrin. Shi wannan na kariya ne, ba na warkarwa ba. In jikinta ya yi zafi, ranar za ku tafi asibiti a gwada a ba ta wanda ya dace da watannin cikinta, kada a tsaya sayen na kemis ko jiƙe-jiƙe. Gidan sauro mai magani kuma kowane dare, har daren da ake zafi, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa.

Sukarin koko kuwa a mayar mata da abinta, daidai misali. Sharaɗi ɗaya ne: akwai ciwon sukari da ke taso wa wasu mata lokacin goyon ciki, wanda ba ruwansa da maleriya, kuma ana gane shi ne ta gwaji a wurin awo. In ma'aikatan lafiya suka ce ta rage saboda wannan, to a bi maganarsu. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce mata Kawu ya ce tsaron da take yi wa gwangwanin sukari ta mayar da shi kan gidan sauro da ranar awo. Ƙanwarka kuma ta rubuto mini in ta zaɓi abin da za ta yi bincike a kai a shekarar ƙarshe.